Takardar Koke daga Mafarauta da Manoma Masu Riƙe da Bindigar Toka zuwa ga Mai Girma Kwamishinan 'Yan Sanda na Jiha

Zuwa ga Mai Girma Kwamishinan 'Yan Sanda na Jiha,
Ta hannun Mai Girma Hakimi, Uban Ƙasarmu.

Ranka ya daɗe,

KOKE A KAN TSARE MU A HANYA, KARƁE MANA BINDIGOGIN FARAUTA BA TARE DA TAKARDA BA, DA RUFE MANA ƘOFAR LASISI

 Muna roƙon Allah Ya ƙara maka lafiya da basira, Ya taya ka riƙon amanar da ke wuyanka, Ya kuma jiƙan jami'anka da suka rasa rayukansu a bakin aiki.

Mu da muka sa hannu a ƙarshen wannan takarda, Sarakunan Baka ne, da maharba, da mafarauta, da manoma masu kwana gadin gona a ƙauyukan da ke bakin daji a wannan gunduma. Tare da mu akwai iyaye da matan waɗanda ke tsare daga cikinmu. Farauta gadonmu ce. Iyayenmu sun yi ta, su ma sun tarar da nasu iyayen suna yi. Da damina mu riƙi fartanya, da rani mu shiga daji, mu samo gada da zomo da fakara da zabin daji, mu ci, mu sayar, mu yi wa iyali sutura, mu biya kuɗin makarantar yara da na magani. Ba mu da albashi, ba mu da fansho. Abin da muke da shi bayan gona shi ne bindigar toka, wadda wasu ke kira adaka ko harbi-ka-ruga, da karnukanmu, da sanin daji.

Mun zo gabanka da kukanmu ne domin mun san maganinsa yana hannunka, kuma mun bi duk ƙofofin da ke ƙasa da taka ba mu sami biyan bukata ba.

Ranka ya daɗe, kafin mu faɗi abin da ke damunmu, ya kamata mu faɗi abin da ba mu ja da shi ba. Ba mu ja da a tsayar da mutumin da aka gani da bindiga a tambaye shi ba. Mun fi kowa sanin halin da ƙasa take ciki, domin a ƙauyukanmu ake sace shanu, 'ya'yanmu ake kwashewa a nemi kuɗin fansa, gawawwakin 'yan'uwanmu muke ɗaukowa daga gona. Jami'in da ya ga mutum da ƙarfe a kafaɗa ya tsayar da shi, aikinsa ya yi. Mun kuma san riƙe bindiga a Najeriya ba haƙƙi ba ne da mutum zai ce dole a ba shi. Izini ne da hukuma ke bayarwa ga wanda ta ga ya cancanta. Kukanmu yana kan abin da ke biyo bayan tsayarwar.

Muna saɓa bindigoginmu a kafaɗa ne, da rana tsaka, a kan hanyar da kowa ke bi, mu gaisa da jama'a, mu ratsa kasuwa, mu wuce ta ƙofar gidan Dagaci. Ba mu taɓa naɗe su cikin buhun gawayi ko ƙarƙashin kujerar mota ba. Hausawa sun ce mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Mu babu kaza a aljihunmu, shi ya sa ba ma gudu idan mun hango shingen bincike. Amma yau wanda ya tsaya ya nuna abin da ke hannunsa shi ne ke kwana a caji ofis, wanda kuwa ya ɓoye nasa ya bi ta bayan gari ya kwana a gidansa. Wannan darasi ne mai haɗari ga matasanmu, kuma suna kallo.

Waɗanda suka yi karatu daga cikin 'ya'yanmu sun karanta mana doka sun fassara mana. Dokar Bindigogi ta 1959, wadda har yau ita ake aiki da ita, ta kasa bindigogi gida uku. Kashi na farko makaman yaƙi ne da bindigogi masu sarrafa kansu da ƙananan bindigogin hannu, waɗanda ba mai riƙe su sai da izinin Shugaban Ƙasa. Kashi na biyu su ne irin su bindiga mai baki ɗaya ko mai baki biyu ta harsashin kwali, waɗanda lasisinsu ke hannun Sufeto Janar na 'Yan Sanda. Kashi na uku su ne waɗanda ake ɗurawa ta baki, wato irin namu. A kan waɗannan, dokar ta ba Kwamishinan 'Yan Sanda na Jiha iko, da amincewar Gwamna, ya kafa oda cewa ba mai riƙe su a jihar ko wani yanki nata sai da lasisin hukumar da ya ayyana. Ke nan dokar da kanta ta bambanta bindigar maharbi da ta ɗan fashin daji, ta kuma ajiye al'amarin bindigar maharbi a kan teburinka.

Bambancin kuwa a bayyane yake. Tamu sai an zuba albarushi ta baki, a danna da sandar ƙarfe, a zuba 'yan ƙarafa, a sake dannawa, sannan a yi harbi ɗaya. Idan ruwa ya taɓa albarushin ba ta tashi. Ita ce dai irin wadda ake bugawa a gaban Sarki ranar hawan Sallah, jami'anka suna tsaye suna ba da tsaro. Amma a bakin shinge, wannan bambanci yakan ɓace.

Ga koke-kokenmu bi da bi.

Na farko, yadda ake tsayar da mu. Dokar 'Yan Sanda ta 2020, a sashe na 49 da na 50, ta ba jami'i ikon tsayarwa da bincike idan yana da dalili mai ma'ana na zargi, ta kuma ɗora masa sharuɗɗa: ya kasance cikin kaki ko ya nuna katin shaidarsa, ya faɗi sunansa da ofishin da ya fito, ya faɗi abin da yake nema da dalilin nemansa. Sashe na 54 ya ce shigar mutum, ko kamanninsa, ko irin kallon da ake yi wa wata al'umma, ba su isa su zama dalilin zargi ba. Abin da muke gani a hanya daban ne. Kalmar farko ita ce “Sauko!”, ta biyu “Kwanta!” Ana kwantar da dattijo mai furfura a kan kwalta a gaban jikokinsa. Ana cire mana rigunan farauta, a yanke layu da guraye a zubar a ƙasa, a ce su ne shaidar mu 'yan ta'adda ne. Wanda ya tambayi sunan jami'i ya jawo wa kansa mari. Wasu lokuta masu tsayar da mu ba kaki a jikinsu, ba kati, har mu rasa gane ko hukuma ce ko waɗanda muke gudu ne. Idan aka ce “Ina takardarka?” mutum ya ce tana gida, ba a ba shi damar aikawa a ɗauko, alhali Dokar Bindigogi ta ce a ba mai lasisi lokacin da ya dace ya kawo shi.

Na biyu, karɓe mana kaya ba tare da rubutu ba. Sashe na 10 na Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka ta 2015 ya wajabta wa jami'i ya rubuta duk abin da ya karɓa daga hannun wanda ya kama, su sa hannu, a ba wanda aka kama ko lauyansa ko wanda ya zaɓa kwafi. A cikinmu da wuya a sami wanda aka taɓa miƙa wa irin wannan takarda. An karɓe bindigogi, da adduna, da fitilun goshi, da wayoyi, da babura, da naman da aka yi kwanaki a daji kafin a samu. Naman ba ya dawowa. Karnuka kuwa, wasu an harbe su a gaban masu su, wasu sun watse a daji. Idan muka koma neman bindiga sai a ce “Oga ba ya nan, ka dawo gobe.” Goben ta zo a ce “An kai hedikwata.” A je hedikwata a ce ba a ga sunanmu a littafi ba. Akwai dattijo a cikinmu da ya gaji bindigarsa daga mahaifinsa, yana riƙe da tsohon lasisinta da rasit ɗin sabuntawa na shekaru. An karɓe bindigar da takardun tare a ranin da ya wuce. Yanzu ba shi da bindiga, ba shi da shaidar cewa ya taɓa mallakarta bisa doka. Muna kuma jin tsoro, ranka ya daɗe: bindigar da aka karɓa ba a rubuta ba, ba wanda ya san hannun da za ta faɗa, kuma idan aka yi ɓarna da ita sunan mai ita na asali za a kira.

Na uku, tsarewa fiye da ƙa'ida da kuɗin beli. Sashe na 35 na Tsarin Mulkin 1999 ya ce a sanar da wanda aka kama dalilin kama shi a rubuce cikin sa'o'i 24, da harshen da yake ji. Ya ce a kai shi kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tsakanin kilomita 40, idan kuwa babu, cikin kwana biyu ko lokacin da kotu ta ga ya dace. Mutanenmu suna yin mako, wasu fiye, a bayan kanta ba su ga alƙali ba. Ana rubuta jawabi da Turanci a ce su dangwala yatsa, ba a karanta musu da Hausa ba. A bangon ofis an rubuta beli kyauta ne, amma ba mu san wanda ya fito kyauta ba. Sai an sayar da akuya, ko buhun dawa na ajiyar damina, ko an jinginar da gona. Mun san matan da suka sayar da gadajensu da kwanukan aurensu domin su fito da mazajensu. Ba a ba da rasit, domin kuɗin ba su da suna sai “na goro” ko “na mai”.

Na huɗu, kama wani a madadin wani. Sashe na 36 na Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ya haramta wannan ƙarara, haka ma sashe na 7 na dokar 2015. Duk da haka, an je gidan maharbi ba a same shi ba saboda yana daji, aka tafi da ɗansa ɗalibi ana gab da jarrabawa. An je wani gidan aka tafi da tsoho mai hawan jini a ce sai ƙaninsa ya kawo kansa. Maharbi idan ya shiga daji babu waya, babu saƙo. Sai ya fito ya tarar an tsare nasa kwanaki saboda shi.

Na biyar, kuma shi ne mafi ciwo, sauya mana laifi. Mutumin da mafi girman abin da za a ce ya yi shi ne lasisinsa ya ƙare bai sabunta ba, sai a rubuta masa haɗa baki da fashi da makami. Da zarar an rubuta wannan, kotun majistare ba ta da hurumin sauraron shari'ar, ba ta kuma ba da beli. Sai ta aika shi gidan gyaran hali ya jira shawarar lauyoyin Ma'aikatar Shari'a. Fayil yakan yi watanni bai motsa ba. Akwai 'yan'uwanmu da damina ta same su a tsare, ta wuce, wata ta zo, ba mai ƙara, ba shaida, ba wanda ya ce sun yi masa fashi. Gonakinsu sun zama saura. Wani an haifa masa ɗa an yi suna ba ya nan, wani mahaifiyarsa ta rasu bai sami jana'iza ba. Wanda aka sako daga baya, an sako shi ne ba tare da ko “yi haƙuri” ba, alhali Tsarin Mulki ya ce wanda aka tsare ba bisa ƙa'ida ba yana da haƙƙin diyya da neman afuwa a bainar jama'a. Ya dawo gari da tabon sunan ɗan fashi, wanda ba ya wankuwa da sauƙi: a fasa ba ɗansa aure, a daina ba shi bashi a kasuwa.

Na shida, ƙofar lasisi a rufe take. Dattawanmu sun shaida cewa a zamanin En'e mutum yakan je ya biya 'yan kuɗi kaɗan a yanka masa lasisin bindigar toka, shekara ta zagayo ya sabunta. Dokar Bindigogi ta faɗi waɗanda ba za a ba su ba: wanda bai kai shekara 17 ba, da mai taɓin hankali, da mai raunin gani, da mashayi, da wanda aka hukunta kan laifin tashin hankali cikin shekaru biyar da suka gabata. Mun yarda da waɗannan sharuɗɗa duka. Amma yau wanda ya cika su bai san inda zai je ba. A 2018 Sufeto Janar na lokacin ya ba da umarnin tattara haramtattun makamai a faɗin ƙasa. A watan Mayu na 2019 gidajen rediyo da jaridu suka ruwaito cewa an soke lasisin bindigogi daga ranar 1 ga Yuni. A watan Yuni na 2022 Gwamnatin Jihar Zamfara ta ce jama'a su nemi lasisi su kare kansu, sai hukumar 'yan sanda ta ce takunkumin bayar da lasisi yana nan. A 2023 Sufeto Janar ya sake bayyana cewa an dakatar da bayar da lasisi. Duk waɗannan mun ji su ne a rediyo. Ba wanda ya zo ya gaya mana ko sun shafi bindigar toka ko ba su shafe ta ba, ko tsofaffin takardunmu suna aiki ko sun mutu. A wani shingen jami'i ya duba takardar ya ce a wuce, a shinge na gaba wani ya ce an daina aiki da ita tuntuni. A ofis a ce mana ba a bayarwa, a hanya a kama mu don ba mu da ita. Maƙeranmu ma suna cikin wannan ruɗani: dokar ta tanadi izini ga mai gyaran irin waɗannan bindigogi, amma ba su san inda ake nemansa ba, kuma wanda aka samu yana gyara kunamar bindiga sai a kira shi mai ƙera wa 'yan ta'adda makamai.

Na bakwai, haɗarin tafiya. Sashe na 41 na Tsarin Mulki ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin zirga-zirga da zama a ko'ina cikin Najeriya, sashe na 42 kuma ya hana a nuna masa bambanci saboda ƙabilarsa ko asalinsa ko addininsa. Da yawa cikinmu kan tafi cin rani farauta zuwa wasu jihohi, har Kudu. Ba mu manta da abin da ya faru a Uromi ta Jihar Edo ba, a ƙarshen watan Maris na 2025, ana cikin azumi, saura kwanaki kaɗan ƙaramar Sallah. Mafarauta ne suka taso daga Jihar Ribas za su gida Kano. 'Yan banga suka tare motar da suke ciki, suka ga bindigogin farauta, aka yi musu ihun masu garkuwa da mutane, aka kashe 16 daga cikinsu. Yawancinsu mutanen ƙaramar hukumar Bunkure ne. An sanar da kama mutum 14, Gwamnan Edo kuma ya je Kano ta'aziyya. Doka ta ce duk farar hular da ya kama wani ya miƙa shi ga 'yan sanda ba tare da ɓata lokaci ba. Da an bi wannan, da an yi bincike an gane su wane ne. Tun daga ranar, duk maharbin da zai yi doguwar tafiya sai ya yi wa iyalinsa wasiyya. Abin da muka ɗauka daga wannan musiba shi ne, muna bukatar shaidar da kowane jami'i da kowane ɗan banga a ko'ina zai gane, da lambar da zai kira ya tabbatar. Katin da muke yi wa kanmu a ƙungiyance ba kowa ke girmama shi ba. Hatiminka ne ake girmamawa.

Na takwas, asarar gona da dukiya. Ƙauyen da aka kwashe wa bindigogi, labarin ba ya kwana bai kai daji ba. Birai da gadu suna shiga masara da gyaɗa da rogo su gama da aikin shekara cikin 'yan darare. Ɓarayin shanu da a da ƙarar bindiga ɗaya kan sa su yi tunani, yanzu suna shigowa gari da sanin babu mai ɗaga musu yatsa. Caji ofis mafi kusa da wasu ƙauyukanmu tafiya ce mai nisa a kan hanyar da mota ba ta bi da damina. Kafin taimako ya iso an gama ɓarna. Gonakin da ke nesa da gari an bar su, matasa suna ta kwarara birni neman aikin ƙarfi.

Ranka ya daɗe, ba gori muke yi ba, amma hukuma ta san amfaninmu. A watan Mayu na 2014, bayan sace 'yan matan Chibok, ɗaruruwan mafarauta suka taru a Maiduguri suna neman izinin shiga dajin Sambisa. A watan Nuwamba na 2014, mafarauta suna cikin waɗanda suka taimaka aka ƙwato Mubi a Jihar Adamawa daga hannun Boko Haram, da irin waɗannan bindigogi da ake kama mu da su yau. Gwamnatin Borno ta ɗauki mafarauta aiki tare da jami'an tsaro. A nan gundumarmu ma, idan aka sace mutum ko aka kora shanu, mu ake tasowa da tsakar dare mu bi sawu, mu shige gaba, jami'ai suna biye. Mun binne 'yan'uwanmu a wannan aiki. Abin da ke ƙona mana rai shi ne, maharbin da aka sa a gaba ranar Litinin, shi ake kwantarwa a kwalta ranar kasuwa.

Wannan ba shi ne kukanmu na farko ba. Tun bayan sanarwar 2019 muka fara kai ƙorafi wurin Masu Unguwanni da Dagatai, suka kai wa Mai Girma Hakimi. Hakimi ya kira zama da baturen 'yan sanda na yankinmu, aka yi mana alkawarin za a duba, aka ce mu kawo jerin sunayen masu bindiga. Muka kawo, da hotuna, da sa hannun Dagatai. Kafin a yi komai aka sauya wa jami'in wurin aiki, wanda ya gaje shi ya ce bai tarar da takardar ba. Muka sake rubutawa. Muka kai kuka taron kwamitin hulɗar 'yan sanda da jama'a, aka rubuta a littafin taro. Bayan musibar Uromi muka rubuta takarda ta musamman muna neman shaidar tafiya, aka buga mata hatimin karɓa, har yau ba amsa. Iyayen waɗanda ke tsare sun yi ta zarya tsakanin kotu da gidan gyaran hali har kuɗin mota ya gagare su. Muna kyautata zaton cewa waɗannan takardu ba su iso gabanka ba ne, domin da sun iso da mun gani a ƙasa.

Ba mu ce dukkanmu salihai ne ba. Akwai masu sa rigar farauta su yi ta'asa, akwai masu shaye-shaye, akwai masu cinna wa daji wuta, da masu shiga gandun da gwamnati ta keɓe su kashe dabbar da aka hana, da masu mayar da farautar gayya fagen sare-sare. Mun san su fiye da yadda jami'in da aka kawo daga wata jiha zai san su, kuma sun fi cutar da mu fiye da kowa. Haka nan mun san jami'ai na kirki da suka duba takardunmu cikin mutunci suka ce Allah Ya kiyaye hanya, muna yi musu addu'a. Muna shirye mu tsaya wa namu na gari, mu miƙa ɓata-gari da hannunmu. Sarakunan Baka sun yarda su ɗauki alhakin duk wanda suka sa wa hannu.

Saboda haka, cikin ladabi da biyayya, muna roƙon Mai Girma Kwamishina abubuwa kamar haka:

1. Ka fitar da sanarwa a rubuce, da Hausa da Turanci, a karanta a rediyo a kuma liƙa a kowane caji ofis, wadda za ta fayyace matsayin bindigar toka a jiharmu, da matsayin tsofaffin lasisinmu.

2. Ka buɗe rajista a kowace gunduma, tare da Hakimai da Dagatai da Sarakunan Baka, a tantance kowane maharbi, a buga wa bindigarsa lamba, a ba shi kati mai hoto, a bayyana kuɗin da za a biya, a kuma ba da rasit. Idan wani ɓangare na wannan ya fi ƙarfin ofishinka, muna roƙo ka isar da kukanmu ga Mai Girma Gwamna da Sufeto Janar.

3. Ka umarci jami'an da ke kan shinge su bi sashe na 50 na Dokar 'Yan Sanda: su faɗi sunansu da ofishinsu da dalilin bincike, su daina duka da tozarta dattawa, su ba mutum dama ya aika a kawo takardarsa.

4. Ka hana karɓar ko allura daga hannun ɗan ƙasa ba tare da an rubuta an ba shi kwafi ba. A binciki ɗakunan ajiyar kayan shaida, a mayar wa masu halal kayansu, wanda kuwa doka ta hana mayarwa a gaya wa mai shi a rubuce.

5. Ka sa a sake duba fayil ɗin duk maharbin da ke jiran shari'a, a hanzarta aika su Ma'aikatar Shari'a. Wanda akwai shaida a kansa a gurfanar da shi, ba za mu roƙa masa ba. Wanda babu, a sake shi ya koma ga iyalinsa kafin faɗuwar ruwa.

6. Ka tsawatar a kan karɓar kuɗin beli da kama wani a madadin wani, ka ba mu lambar waya da jami'in da za mu kai wa ƙara ba tare da tsoron ramuwa ba.

7. Ka samar mana da takardar tafiya ga masu zuwa cin rani wasu jihohi, mai ɗauke da sunaye da lambobin bindigogi da inda za a je, tare da sanar da takwaranka na jihar da za a sauka.

8. Ka ba mu rana mu zo gabanka, mu da Uban Ƙasarmu, mu kawo sunaye da wurare da shaidun duk abin da muka ambata, domin ba mu so mu rubuta sunan kowa a takardar da za ta bi hannuwa da yawa.

Ranka ya daɗe, ba makaman yaƙi muke nema ba, ba kuma so muke mu fi ƙarfin doka ba. So muke a nuna mana dokar a fili mu bi ta, jami'anka su ma su bi ta a kanmu. Tsarin Mulki ya ce tsaro da jin daɗin jama'a su ne babban dalilin kafa gwamnati, mu kuwa muna cikin jama'ar. Rani yana ƙaratowa, lokacin fitarmu ke nan, 'yan'uwanmu kuma suna tsare, iyalansu suna cikin yunwa. Muna roƙonka don girman Allah ka dubi wannan takarda da idon rahama, ka ba mu amsa a rubuce ta hannun Mai Girma Hakimi.

Allah Ya ja zamaninka, Ya ba ka ikon yin adalci, Ya zaunar da jiharmu da ƙasarmu lafiya. Amin.

Mu ne naka masu biyayya,

Sarkin Bakan Gunduma, a madadin Sarakunan Baka na ƙauyuka
Wakilin maharba da mafarauta
Wakilin manoma masu gadin gona
Sarkin Maƙera, a madadin maƙera
Wakiliyar iyaye da matan waɗanda ke tsare

Kwafi zuwa ga:
Mai Girma Gwamnan Jiha
Mai Martaba Sarki
Mai Girma Kwamishinan Shari'a kuma Babban Lauyan Jiha
Mai Girma Shugaban Ƙaramar Hukuma